Lissafin Ƙarfi Daga Mas da Sauyin Gudu: Inda Ake Kuskure da Dalilinsa

Ƙa'idar da ake lissafa ƙarfi da ita haruffa uku ce kacal: F = ma. A ɗauki mas ɗin abu, a ninka shi da sauyin gudunsa, a sami ƙarfin da ya haddasa sauyin. Ɗalibin babbar sakandare zai haddace ta tun kafin a tashi daga darasi. Duk da haka tambayoyin da aka gina a kanta suna kayar da ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma ba ninkawar ce ke kayar da su ba. Matsalar tana wajen abin da aka zuba cikin kowane harafi kafin a ninka, musamman F, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne ƙarfin da suka ga ana sa wa abu, alhali ba shi ba ne.

Isaac Newton ya wallafa dokokinsa uku na motsi a 1687 cikin littafinsa Principia, kuma wannan ce ta biyu. Shi bai rubuta ta da waɗannan haruffa ba. Cewa ya yi sauyin motsin abu yana tafiya daidai da ƙarfin da aka sa masa, yana kuma bin inda ƙarfin ya nufa. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya fito da ita a siffar lissafin da ta zama ruwan dare, a tsakiyar ƙarni na 18.

Harafin m shi ne mas, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa, kuma shi ne gwargwadon wuyar da ake sha kafin a sauya masa motsi. Da kilogiram ake auna shi. Harafin a shi ne sauyin gudu: yawan gudun da ya ƙaru ko ya ragu a cikin kowace daƙiƙa. Ana samunsa ta hanyar cire gudun farko daga na ƙarshe, a raba da lokacin da aka ɗauka, wato a = (v − u) / t, inda v yake gudun ƙarshe, u gudun farko, t kuma lokaci. Ma'auninsa m/s², wato mita a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Shi kuwa F da niyuton ake auna shi, alamarsa N. Niyuton ɗaya shi ne ƙarfin da zai sa kilogiram ɗaya ya riƙa ƙara gudun mita ɗaya a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ba wani babban ƙarfi ba ne: kusan nauyin giram 100 ne a tafin hannu.

Wane ƙarfi ne F?

Mu ɗauki lebura yana tura baro da buhun siminti biyu. Buhunan kilo 100, baron kilo 20, jimilla kilo 120. Daga tsaye ya kai gudun mita 1.5 a daƙiƙa cikin daƙiƙa 3. Sauyin gudu ya zama 1.5 raba 3, wato 0.5 m/s². A ninka da 120, a sami 60 N.

Nan ne ɗalibi zai rubuta cewa leburan ya tura da 60 N, ya ja layi a ƙarƙashi. Amsar ba ta cika ba. Wannan 60 N ragowa ce, abin da ya saura bayan duk ƙarfin da ke aiki a kan baron sun gama ja-in-ja a tsakaninsu. Tayar tana fuskantar tirjiya daga ƙasa da kuma daga sandar da take juyawa a kai. Idan tirjiyar nan 40 N ce, to leburan 100 N ya sa, 40 suka tafi wajen kashe tirjiya, 60 suka ƙara wa baron gudu. Idan kuma ya ci gaba da tafiya a kan gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi, sauyin gudu sifili ne, ragowar ƙarfi ma sifili ce, amma har yanzu yana tura 40 N, yana kuma zufa. Ƙa'idar ba ta ce babu ƙarfi ba, cewa ta yi sun kashe juna.

Wannan batu ne ya ɗaure wa masana kai tsawon ƙarnoni. Tun daga zamanin Aristotle ake koyar da cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai da mai tura shi, domin haka ido ke gani: ka saki baro, ya tsaya. Sai da Galileo ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako sannan aka fara gane cewa tirjiya ce ke tsayar da abu, ba rashin turi ba. Ɗalibin da bai kama wannan ba yana nan a kan tsohuwar fahimta, ko da ya haddace haruffan Newton.

Don haka kafin a taɓa kalkuleta akwai aikin da ya kamata a fara yi. A zaɓi abu guda da ake magana a kansa, a zana shi shi kaɗai, a sa kibiya ga kowane ƙarfi da ke aiki a jikinsa: nauyinsa zuwa ƙasa, tokarar abin da yake kai zuwa sama, jan igiya, turi, tirjiya. A zaɓi ɓangare guda a ce shi ne mai alamar tarawa, kishiyarsa mai alamar ɗebewa, a tsaya a kan haka har ƙarshen lissafi. Ƙarfin da abin yake sa wa wani abu dabam ba ya shiga wannan zane. Baron ma yana tura hannun leburan baya da 100 N, kamar yadda doka ta uku ta ce, amma wannan a jikin leburan yake aiki, ba a jikin baron ba. Wanda ya haɗa su wuri guda zai sami sifili kullum, ya kasa gane yadda wani abu ke motsi a duniya.

Ma'auni

Ƙa'idar ba ta ba da niyuton sai an ba ta kilogiram da mita da daƙiƙa. Mota mai kilo 1,200 ta tashi daga tsaye ta kai kilomita 72 a awa cikin daƙiƙa 10. Dole a fara raba 72 da 3.6, domin kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya kuma daƙiƙa 3,600. Gudun ya zama mita 20 a daƙiƙa, sauyin gudu 2 m/s², ƙarfi 2,400 N. Wanda ya bar 72 yadda take zai sami 8,640 N, kuma abin takaicin shi ne wannan lamba ba ta yi kama da kuskure ba, sai a wuce da ita.

Kuskuren giram ya fi saurin tonuwa ga mai lura. Ƙwallon ƙafa ta gasa tana tsakanin giram 410 da 450, mu ce 430, wato kilo 0.43. Idan aka buga ta daga tsaye ta tashi da mita 25 a daƙiƙa, muka kuma ɗauka ƙafa ta taɓa ta na daƙiƙa 0.01, sauyin gudu 2,500 m/s² ne, ƙarfi kuma 1,075 N. Wanda ya sa 430 kai tsaye zai sami fiye da niyuton miliyan ɗaya, nauyin kusan tan 110. Babu ƙafar ɗan Adam da za ta yi wannan. Al'ada ce mai kyau a raba duk amsar da aka samu da 10 a ga nauyin kilo nawa ta yi daidai da shi, sannan a tambayi kai ko hankali zai ɗauka.

Ba ɗalibai kaɗai wannan ke ci ba. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter lokacin da ya isa duniyar Mars. Wata manhaja tana fitar da alƙaluman turin injinan kumbon a ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukarsu a matsayin niyuton. Fam ɗaya na ƙarfi kusan niyuton 4.45 ne. Kumbon ya yi ƙasa fiye da yadda aka tsara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Mas dabam, nauyi dabam

A kasuwa kilo shi ne nauyi, kuma babu laifi a haka. A lissafin fiziks abubuwa biyu ne. Nauyi ƙarfi ne, shi ne jan da ƙasa ke yi wa abu, kuma daga wannan ƙa'ida tamu yake fitowa: W = mg, inda g yake sauyin gudun abin da aka saka ya faɗo, kusan 9.8 m/s². Takardun jarrabawa sukan ce a ɗauke shi 10 don sauƙi, kuma abin da tambaya ta bayar shi za a bi. Buhun siminti mai kilo 50 nauyinsa 490 N ne. A duniyar wata, inda g yake 1.62, nauyinsa 81 N kawai, amma mas ɗinsa yana nan kilo 50, kuma idan ana so a tura shi gefe da 2 m/s² a inda babu tirjiya, 100 N ake bukata a can, 100 N a nan. Ko a doron ƙasa g ba ɗaya ba ne: a yankinmu da ke kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, kusan 9.78 ne, a ƙuryar arewa da ta kudu kuwa 9.83.

Kuskuren da ke biyo baya iri biyu ne. Ko dai tambaya ta ba da nauyi a niyuton ɗalibi ya sa shi a gurbin m ba tare da ya raba da g ba, ko kuma ya cusa g cikin motsin da ke tafiya a kwance, inda nauyi da tokarar ƙasa sun riga sun kashe juna.

Abin da igiya ke ɗauka

A wurin ginin bene ana ɗaga bokitin kwaɓaɓɓen siminti da igiya. Mu ce bokitin da abin cikinsa kilo 30 ne, nauyinsa 294 N. Ƙarfi biyu ne a kansa, jan igiya T zuwa sama da nauyi zuwa ƙasa, don haka T − 294 = 30a.

Yana rataye shiru, ko yana hawa a kan gudu ɗaya, sauyin gudu sifili ne, igiya na ɗauke da 294 N. A lokacin fizgar farko, idan ya fara hawa da 2 m/s², T ya zama 354 N. Idan aka sassauta ya fara sauka da 2 m/s², T ya sauko zuwa 234 N. To ga wurin da haɗarin yake. Bokitin na sauka da gudun mita 3 a daƙiƙa, sai mai riƙe da igiya ya damƙe ta, ya tsayar da shi cikin daƙiƙa 0.2. Sauyin gudu 15 m/s² ne, kuma sama ya nufa duk da cewa bokitin ƙasa yake tafiya, domin gudunsa na sauka ne ake ragewa. T = 294 + 450 = 744 N, ninki biyu da rabi na nauyin kayan. Igiyar da ta wuni tana ɗaga bokitin lafiya a irin wannan fizga take tsinkewa, haka ma ƙugiya da marikin bokiti. Shi ya sa masu ƙera igiyar ɗaga kaya ke rubuta iyakar aikinta ƙasa sosai da inda za ta tsinke, kuma wanda ya zaɓi igiya da nauyin kaya kawai ya bar rabin lissafi bai yi ba.

A lura da wannan da kyau: ragowar ƙarfi tana bin inda sauyin gudu ya nufa, ba inda abin yake tafiya ba. Rikita waɗannan biyu ke jawo kuskuren alama a yawancin tambayoyin igiya da na'urar hawa bene.

Birki, lodi da gangare

Sau da yawa ba a san lokaci ba, tazara aka sani. Nan ake ɗauko v² = u² + 2as, inda s yake tazarar. Motarmu mai kilo 1,200 tana gudun mita 20 a daƙiƙa, ta tsaya cikin mita 40. Gudun ƙarshe sifili ne, don haka a = −400 / 80 = −5 m/s², ƙarfi −6,000 N. Alamar ɗebewar tana nuna ƙarfin baya yake ja, kishiyar tafiya. Da wannan birki, idan gudun ya kai kilomita 108 a awa, wato mita 30 a daƙiƙa, tazarar tsayawa mita 90 ce. Gudu ya ƙaru da rabi, tazara ta fi ninki biyu, domin gudun ninka kansa yake yi a cikin lissafin. Ba a ma sa mitocin da motar ke ci kafin ƙafar direba ta kai kan birki ba, waɗanda a wannan gudu mita 30 ne a kowace daƙiƙa ta jinkiri.

Akwai wata dabara a nan da ke rikita har waɗanda suka ƙware. Iyakar ƙarfin da taya za ta iya samu daga titi shi ne μmg, inda μ yake gwargwadon kamun taya da hanya, kusan 0.7 a busasshiyar kwalta, ya kuma faɗi sosai idan an yi ruwa ko yashi ya hau titi. Idan aka daidaita μmg da ma, m zai fita daga ɓangarorin biyu, a bar a = μg. Ke nan a takarda mota mai lodi da maras lodi tazara ɗaya za su tsaya. Me ya sa ba haka ake gani a hanya ba?

Domin wannan lissafi ya ɗauka birkin yana da ƙarfin da zai kai tayoyin iyakar kamunsu, komai lodin. A babbar motar da aka yi wa lodin da ya wuce kima ba titi ne ke iyakancewa ba, birkin ne. Mu ce iyakar abin da birkin wata tirela zai bayar 90,000 N ne. Babu kaya tana tan 15, sauyin gudu 6 m/s², daga mita 20 a daƙiƙa za ta tsaya cikin kusan mita 33. An loda ta ta kai tan 45, sauyin gudu ya koma 2 m/s², tazara mita 100. A ɗora ta a gangaren da ke sauka mita 1 a kowace mita 20: kashi ɗaya cikin ashirin na nauyinta, kusan 22,000 N, yana jan ta gaba. Ragowar ƙarfi ta koma kusan 68,000 N, sauyin gudu 1.5 m/s², tazara ta haura mita 130. Bugu da ƙari birki gudu yake mayarwa zafi, mas ninki uku zafi ninki uku ne, kuma birkin da ya yi zafi fiye da kima kamunsa raguwa yake, sai 90,000 ɗin ma ta gagara. Wannan ne dalilin da ya sa gogaggen direba ke sauka doguwar gangara da ƙaramar giya, inji ya taya birki riƙo.

Kwana ma sauyin gudu ce, ko da allurar gudu ba ta motsa ba, domin alƙibla na sauyawa. Girmansa a = v² / r, inda r yake tazara daga motar zuwa tsakiyar da'irar kwanar, kuma can tsakiyar yake nufa. Mota mai kilo 1,200 a mita 20 a daƙiƙa, a kwana mai r na mita 50, tana bukatar 8 m/s², wato 9,600 N. Tayoyi a busasshiyar kwalta ba za su ba da fiye da kusan 8,200 N ba. Motar za ta zame ta fita waje, kuma ba wani ƙarfi ne ya tura ta ba, ƙarfin da zai lanƙwasa ta ne bai isa ba.

A karo kuwa tazarar tsayawa ce komai. Fasinja mai kilo 70 a mita 20 a daƙiƙa, idan bel da lotsewar gaban mota suka ba shi rabin mita ya tsaya, matsakaicin sauyin gudunsa 400 m/s² ne, ƙarfi 28,000 N. Idan babu bel ya daki gilashi ko sitiyari ya tsaya cikin santimita 5, ƙarfin ya ninka goma. Aikin bel mai maɗauri uku, wanda injiniya Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo a 1959, da jakar iska, da soson cikin hular kwano, duk guda ne: su tsawaita tazara da lokacin tsayawa domin sauyin gudu ya ragu, tunda mas ba ya raguwa. Lissafin da ya kamata kowace uwa da kowane uba su gani shi ne na yaron da aka rungume a kujerar gaba. Yaro mai kilo 10, mota na kilomita 50 a awa, wato mita 13.9 a daƙiƙa, ta tsaya cikin rabin mita: sauyin gudu kusan 193 m/s², ƙarfi kusan 1,930 N, daidai da nauyin kilo 200. Babu hannun da zai riƙe wannan cikin ƙiftawar ido.

Gwaji a ɗakin kimiyya

Ana tabbatar da dokar da ƙaramar kura mai tayoyi a kan katako, a ɗaura mata zare ya bi ta kan wili a bakin tebur, a rataya ƙarfe a ƙarshensa. Abu biyu ke ɓata sakamako. Na farko tirjiya: a ɗan ɗaga bayan katakon har sai kurar, in an ɗan taɓa ta, ta gangara a kan gudu ɗaya, sannan a fara awo. Na biyu, mantawa da cewa ƙarfen da ke rataye shi ma yana cikin abin da ke motsi. Kura mai kilo 0.9 da ƙarfe mai kilo 0.1: ƙarfin ja 0.98 N ne, amma mas ɗin da ake ja kilo 1.0 ne, don haka a zai fito 0.98 m/s², ba 1.09 ba. Idan ana son ƙara ƙarfi ba tare da sauya mas ba, sai a ɗauko ƙarfe daga kan kurar a mayar da shi kan zaren, kada a kawo sabo daga waje. In an yi haka, zanen ƙarfi da sauyin gudu zai fito miƙaƙƙen layi da ya ratsa ta sifili. In layin bai ratsa ta sifili ba, tirjiya ce ba a kashe daidai ba.

Siffar F = ma tana aiki ne muddin mas bai sauya ba a lokacin motsin. Roka tana ƙone mai tana fesar da shi baya, mas ɗinta na raguwa kowace daƙiƙa, don haka da turi iri ɗaya sauyin gudunta ƙaruwa yake yi, kuma dole a koma ga asalin maganar Newton ta sauyin motsi, wato sauyin mv, mas da aka ninka da gudu, a lissafa har da abin da ake fesarwa. Tankar man da ba ta cika ba wata matsala ce: mas bai sauya ba, amma ba dunƙule yake ba, in an taka birki ruwan ya ci gaba da tafiya ya daki gaban tankin, sai ƙarfin ya zo a guguwa maimakon daidai wa daida, abin da ya sa ake raba cikin tanki da bangaye. Ga abin da gudunsa ya kusa na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai an yi amfani da gyaran da Albert Einstein ya kawo a 1905, amma a gudun mota da jirgin sama bambancin bai kai a auna shi da kayan aikin injiniya ba.